Tartsatsi da Busasshiyar Ciyawa: Dalilan Hana Wasan Wuta Lokacin Bukukuwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taso a Maiduguri kafin shekarar 2009 zai iya tuna yadda ƙarshen shekara yake kasancewa a unguwanni irin su Gwange da Bulumkutu da Hausari da Wulari. Da zarar watan Disamba ya raba, sai yara su fara tara 'yan kuɗinsu suna sayen nokawut a wurin masu tireda, su ƙyasta, su jefa, su ruga a guje suna dariya. A daren Sabuwar Shekara kuwa, har sararin sama sai ya ɗauki launi. Haka ma a lokutan Sallah da bukukuwan aure. Amma tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram, jami'an tsaro a Jihar Borno sun sha fitar da sanarwar hana saye da sayarwa da kuma harba waɗannan abubuwa a lokutan bukukuwa. Wasu na ganin wannan hani a matsayin tauye wa jama'a ɗan abin da ya rage musu na nishaɗi, wasu kuma na ganin ya yi daidai.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana abin da ake nufi da wasan wuta, da yadda wuta take kamawa, da kuma dalilin da ya sa lokacin hunturu ya fi kowane lokaci haɗari a ƙasar Borno. Za a kawo misalai daga Amurka da Ostareliya, inda gobarar daji ta tilasta aka soke bukukuwan wasan wuta, sannan a dawo gida a dubi namu halin. Daga ƙarshe, da yake mu ɗaliban harshe ne, za a dubi yadda Bahaushe yake magana a kan wuta, domin a cikin kalmominsa akwai darasi babba.

Mene Ne Wasan Wuta?

Abin da ake kira wasan wuta a yau shi ne harba wasu ƙunsassun abubuwa da ke fashewa da ƙara, ko su tashi sama su watsa tartsatsi mai launi iri-iri. Asalinsu daga ƙasar Sin ne, inda aka gano haɗin albarushi wajen ƙarni na 9. Har yanzu Sin ce ta fi kowace ƙasa ƙera su, musamman a garin Liuyang da ke lardin Hunan, kuma galibin waɗanda ke shigowa kasuwanninmu daga can suke.

Albarushi haɗi ne na abubuwa uku. A cikin kashi 100, kimanin kashi 75 wani gishiri ne da masana kimiyya ke kira fotashiyam naitiret, kashi 15 gawayi, kashi 10 kuma farar wuta. Gawayi da farar wuta su ne abincin wutar, shi kuwa gishirin shi ke ba ta iskar da take bukata daga cikin ƙunshin. Wannan ne ya sa ko an naɗe albarushi tamau a cikin takarda, yana ci nan take. Launukan da ake gani a sama kuwa daga gishirin ƙarafa suke fitowa: sitironshiyam na ba da ja, bariyam na ba da kore, sodiyam na ba da rawaya, jan ƙarfe kuma na ba da shuɗi. Ɗan tsinken nan mai tartsatsi da ake ba yara su riƙe a hannu, zafinsa na iya wuce digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, wato ninki goma na zafin tafasasshen ruwa.

Sai dai wasa da wuta a wurin biki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da Borno. Maƙera suna da nasu wasan wutar, inda suke ɗaukar ƙarfe jajawur suna shafawa a jiki a gaban sarki da jama'a. 'Yan bindiga kuma suna ɗura albarushi a bindigogin gargajiya suna harbawa a lokacin hawan Sallah. Bambancin shi ne, waɗannan wasanni suna hannun masu sana'ar ne, suna da shugabanni, suna da fili da lokaci. Nokawut kuwa yana hannun duk yaron da ya sami kuɗin saye, kuma filinsa shi ne lungu, kusa da danga da zana da rumfar mai sayar da fetur.

Yadda Wuta Take Kamawa

Masana sun ce wuta tana bukatar abubuwa uku kafin ta kama, kamar dai yadda tukunya take bukatar duwatsun murhu uku kafin ta zauna. Na farko shi ne makamashi, wato abin da wutar za ta ci. Na biyu iska. Na uku kuma zafin da zai tayar da ita. In aka cire ɗaya daga cikin ukun, wuta ba za ta tsaya ba. Mai zuba ruwa zafi yake cirewa, mai zuba ƙasa ko rufa jiƙaƙƙen buhu iska yake tsarewa, mai share ciyawa a gefen gona kuma makamashi yake ɗaukewa.

To, a yankinmu hunturu shi ke tanadar biyu daga cikin ukun nan. Damina a Maiduguri gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 da wani abu mai yawa ba. Daga Oktoba ruwa ya ɗauke, ciyawar da ta yi kore shar a watan Agusta sai ta bushe ƙayau tana tsaye. Daga Nuwamba iskar hunturu take fara kaɗawa daga arewa maso gabas, tana ɗauko ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Iska ce busasshiya, har laimar da ke cikinta takan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Ita ce take fasa mana leɓe da dugadugai, kuma yadda take tsotse ruwan fatar mutum haka take tsotse na kara da zana da katako. Ke nan makamashi ya samu, iska ta samu, abin da ya rage kawai shi ne tartsatsi.

Akwai wani abin lura a nan da mutane da yawa ba su cika kawowa a rai ba. Shekarar da damina ta yi kyau, ita ce shekarar da gobarar daji ta fi yin ɓarna, domin ciyawa ta yi yawa, ta yi tsayi, ta kuma haɗe da juna babu tsakani. Shekarar fari kuwa, wuta ba ta samun abin ci mai nisa.

Wani abin kuma shi ne lokacin bukukuwan kansu. Kirsimeti da Sabuwar Shekara kullum a tsakiyar hunturu suke zuwa. Sallah kuwa tana zagayawa, domin shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. A 2006 da 2007 Babbar Sallah ta faɗo ne a cikin watan Disamba, dab da Kirsimeti. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris, kuma wajen 2030 za ta iso farkon Fabrairu, daga nan ta shiga Janairu da Disamba. Ma'ana, a 'yan shekaru masu zuwa manyan bukukuwan Musulmi da na Kirista za su sake haɗuwa a cikin watannin da wuta ta fi saurin tashi.

Gobarar Daji a Ƙasar Borno

Gaskiyar magana, yawancin gobarar daji a ƙasarmu ɗan'adam ne yake tayar da ita, kuma sau da yawa da gangan. Mafarauta sukan cinna wa daji wuta domin su koro gafiya da zomo da kurege. Wasu makiyaya sukan ƙona tsohuwar ciyawa domin sabon toho ya fito. Manoma sukan ƙona sharar gona. A yankunan firgi na Dikwa da Marte da Ngala, masu noman masakwa sun saba yanke ciyawa su ƙone ta kafin dashe. Akwai masu cin zuma da ke kai wa amya hayaƙi, da masu yin gawayi, da matafiyin da ya hura wuta ya ji ɗumi ya tashi bai kashe ba, da mai yar da guntun taba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa, kuma galibi ba ya nufin kowa da sharri. Matsalar ita ce wuta ba ta san iyakar gona ba. In iska ta juya, wutar da aka kunna don gafiya ɗaya tana iya lashe damman dawar da aka tara ba a kai gida ba, da harawa, da rumbu, wani lokaci har da bukkokin ƙauye. Makiyayi ya wayi gari babu abin da dabbobinsa za su ci har zuwa faɗuwar ruwa, sai ya kora su ya nufi inda ke da saura, wanda sau da yawa gonar wani ce ko fadamar masu noman rani. Ta haka gobarar da ta tashi a Disamba takan haifar da rigimar manomi da makiyayi a Fabrairu.

Ita ma ƙasar tana cutuwa. Toka takan ba gona ɗan ƙarfi na ɗan lokaci, shi ya sa manomi yake ganin kamar ya ci riba. Amma ganye da karan da ya kamata su ruɓe su zama taki sun tafi a hayaƙi, ƙananan halittun da ke gyara ƙasa sun mutu, ƙasar kuma ta zauna tsirara iska tana kwasar ta. Ƙananan itatuwa da ke tasowa, irin su aduwa da magarya da gawo da dakwarar da ake samun ƙaro daga gare ta, ba sa jure wuta. In ana maimaita haka kowace shekara, manyan itatuwa za su tsufa su faɗi babu magada. Borno na cikin jihohi 11 na arewa da ke fuskantar kwararowar hamada, waɗanda saboda su aka kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta ƙasa a 2015. Shukar da aka yi shekara uku ana ba ta ruwa, wutar yini ɗaya ta ishe ta.

Ba a daji kaɗai abin ya tsaya ba. A watan Afrilu na 2020 gobara ta tashi a sansanin 'yan gudun hijira na Ngala, inda mutum 14 suka rasu. A Nuwamba 2023 wata ta cinye matsugunai masu ɗimbin yawa a sansanin Muna da ke gefen Maiduguri. A daren 26 ga Fabrairu 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, Kasuwar Monde ta kama da wuta, dubban 'yan kasuwa suka yi asara, har Gwamna Babagana Umara Zulum ya sanar da tallafin gaggawa na naira biliyan ɗaya. Kafin nan an ga irin wannan a Kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016, da babbar kasuwar Sakkwato a Janairu 2021, da ta Katsina a Maris 2021. Ba a kawo waɗannan misalai don a ce wasan wuta ne ya haddasa su ba. An kawo su ne don mai karatu ya lura da watannin: dukkansu tsakanin Nuwamba ne da Afrilu.

Abin da Ya Faru a Wasu Ƙasashe

Amurkawa suna bikin samun 'yancin kansu ranar 4 ga Yuli, kuma wasan wuta shi ne ƙashin bayan bikin. Sai dai a yammacin ƙasar wannan rana tana zuwa ne a lokacin zafi da bushewa. A shekarar 2012 Jihar Kolorado ta yi fama da fari, har Gwamna John Hickenlooper ya hana kunna wuta a fili da harba wasan wuta na ɗaiɗaikun mutane tun a tsakiyar watan Yuni. Ranar 23 ga watan gobarar Waldo Kanyon ta tashi kusa da birnin Kolorado Sifirins, ta ƙone gidaje kusan 350, mutum biyu suka mutu, aka kwashe fiye da mutum 30,000 daga gidajensu. A wannan shekara garuruwa da dama a jihar sun soke wasan wutar da suka saba yi. Dalilansu uku ne: tsoron tartsatsi, da kasancewar 'yan kwana-kwana duk suna bakin daji babu mai tsaron filin biki, da kuma kunyar yin shagali da wuta a gaban waɗanda wuta ta raba da gidajensu.

Wanda yake ganin tsoron ya yi yawa, sai ya dubi abin da ya faru a Jihar Oregon. Ranar 2 ga Satumba 2017 wani yaro ɗan shekara 15 ya jefa abin wasan wuta cikin wani kwazazzabo a dajin Igul Kirik, alhali an hana kunna wuta a wurin. Wutar ta yi kusan wata uku tana ci, ta ƙone eka kusan 50,000, kuma masu yawon buɗe ido kimanin 150 suka kwana a daji wuta ta tare musu hanya. A 2018 kotu ta yanke wa yaron biyan diyyar fiye da dala miliyan 36. Masu iya magana sun ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A Ostareliya kuwa, Disamba da Janairu su ne tsakiyar bazara. A ƙarshen 2019 da farkon 2020 ƙasar ta ga gobarar dajin da ta ƙone miliyoyin hekta da gidaje fiye da 3,000, mutum 33 suka mutu a cikinta kai tsaye. Kanbera, babban birnin ƙasar, ta soke wasan wutarta na Sabuwar Shekara. Sidni kuwa ta yi nata, duk da cewa fiye da mutum 250,000 sun sa hannu a takardar neman a soke. Hukumomin birnin sun kafa hujja da cewa an riga an kashe kuɗin shirin, baƙi sun riga sun iso, kuma a kan ruwa ake harbawa. Wannan ya nuna cewa ko a can ma maganar ba ta rasa gardama.

A nan gida Nijeriya, ranar 26 ga Disamba 2012 wani ɗakin ajiya da aka cika da kayan wasan wuta ya fashe a unguwar Jankara da ke tsibirin Legas. Wutar ta bazu zuwa gine-ginen da ke kusa, an rasa rai, mutane da dama kuma suka jikkata. Ashe haɗarin ba a wurin harbawa kaɗai yake ba, har da wurin ajiya.

Dalilan Hanin a Maiduguri

Dalilin farko da hukuma ta fi ambata a nan shi ne tsaro. Ƙarar nokawut tana kama da ƙarar bindiga, manyan cikinsu kuma suna kama da ƙarar bam. A garin da ya ga rikicin Yuli 2009, ya ga hare-haren da aka kai wa majami'u a jajibirin Kirsimeti na 2010, ya kuma yi shekaru yana jin fashewar abubuwa a kasuwanni da tashoshi da masallatai, ƙara ɗaya a cikin taro ta isa ta sa a yi turmutsitsi a tattake yara da tsofaffi. Sojan da ke shingen bincike ba zai iya bambancewa nan take ba, yana iya mayar da martani. Mai mugun nufi kuma yana iya fakewa da hayaniyar ya aikata abin da ya kawo shi. Akwai kuma dubban mutanen da suka gudo daga Bama da Gwoza da Baga da sauran garuruwa, waɗanda irin wannan ƙara take mayar da su daren da suka bar gida.

Ba nokawut kaɗai wannan hali ya shafa ba. A Yuli 2011 an hana hawa babur a cikin Maiduguri. An sha hana zirga-zirgar motoci a ranakun Sallah, kuma an yi shekaru ba a yi hawan Sallah a fadar Shehun Borno ba. Ko a Kano, 'yan sanda sun hana hawan Sallah a 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta.

Dalili na biyu shi ne gobara, wanda ba a cika ambata ba, alhali shi ne zai daɗe. Tsaro na iya inganta, in Allah ya yarda, amma hunturu zai ci gaba da zuwa kowace shekara. Gari ya cika ya batse tun bayan shigowar 'yan gudun hijira, unguwanni da yawa na da rumfunan zana da tamfol da leda manne da juna, ana sayar da fetur a galan a bakin titi, lunguna kuma ba sa shigar da motar 'yan kwana-kwana. Abin da aka harba sama, ba mai harbawa ne yake zaɓar inda zai sauka ba.

Masu sukar hanin su ma suna da abin faɗa. Suna cewa yaran garin nan sun taso cikin dokar hana fita da shingaye, bai kamata a hana su komai da komai ba. Ƙananan 'yan kasuwa na cewa a wannan lokaci ne suke samun ɗan ciniki. Wasu kuma na cewa ana sanarwar kowace shekara amma ana ci gaba da sayarwa a ɓoye, don haka hanin bai hana komai ba, illa ya mayar da kayan ƙarƙashin gado, inda suka fi haɗari. Wannan magana ta ƙarshe abar dubawa ce. Amma in aka auna nishaɗin minti biyar da shagon da mutum ya yi shekara ashirin yana ginawa, Hausawa sun riga sun yanke hukunci: da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wuta a Bakin Bahaushe

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya fara lura da shi shi ne bambancin wuta da gobara. Wuta ita ce ta murhu da maƙera da fitila, wadda take ƙarƙashin ikon mutum. Gobara kuwa wutar da ta ƙwace ce, ta shiga yin ɓarna. Ana ɗebo wuta a maƙwabta, amma ba a ɗebo gobara. Ana yi wa mai gobara jaje, a ce masa “Allah ya mayar da alheri” ko “Allah ya kiyaye na gaba”, a kuma kai masa gudummawa.

Abu na biyu, Bahaushe yana siffanta wuta tamkar mai rai. Wuta tana tashi, tana kamawa, tana ci, tana lashewa, tana da harshe, ana kashe ta, tana mutuwa. Dukkan waɗannan aikatau na dabba ne ko na mutum. Akwai kuma kalmomi na kowane mataki nata: ƙyastawa, hurawa, izawa, ruruwa, balbali, tartsatsi, garwashi, rushi, hayaƙi, toka.

Abu na uku shi ne aikatau ƙona, wanda yake nuna azuzuwan aikatau kamar yadda Parsons ya rarraba su. A aji na ɗaya ana cewa “ya ƙona ciyawa”. A aji na huɗu ana cewa “ya ƙone ciyawar” ko “ciyawa ta ƙone”, wanda yake nuna an cinye ta ƙurmus. A aji na bakwai ana cewa “ta ƙonu”. Daga wannan tushe aka sami ƙuna, wadda ta ba mu ƙunar daji da ƙunar rai da ƙunar baƙin wake. Wannan ta ƙarshe ta samo asali ne daga labarin da ake bayarwa na wani mutum da ya rungumi ɗan sarkin da ya zalunce shi suka ƙone tare, kuma 'yan jarida sun ɗauko ta suka ba ta sabuwar ma'ana, wadda mutanen Maiduguri suka sani fiye da kowa.

Akwai kuma matsalar suna. In aka ce wasan wuta, dattijo zai iya ɗauka na maƙera ake nufi. Shi ya sa kafofin yaɗa labarai sukan ce wasan tartsatsin wuta, yara kuma suka ari nokawut daga Turanci. Wannan fage ne na bincike ga ɗalibai, musamman a gari irin namu, inda Kanuri ke cewa kannu, Fulani yiite, Larabawan Shuwa kuma nar. Tattara kalmomi da karin maganar wuta a waɗannan harsuna da na Babur-Bura da Margi, a kwatanta su da na Hausa, zai iya zama kundin kammala digiri mai amfani.

Hanyoyin Rigakafi

Doka tana nan. A 2011 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin hana ƙunar daji da ƙone-ƙone a fili, waɗanda hukumar NESREA take da alhakin aiwatarwa. Amma doka a takarda ba ta tsayar da wuta a Gubio ko Magumeri sai da hannun bulama da lawani da sarkin baka da arɗo.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suna da dabarar da ta cancanci koyi. A yankunan kiwo irin su Abalak da Dakoro da Bermo, da zarar damina ta ƙare akan ɗauki mutanen karkara aikin share dogayen layuka a cikin daji, a cire ciyawar ƙarƙaf, ta yadda in wuta ta iso za ta rasa abin ci ta mutu. Ciyawar da aka kwashe kuma ta zama abincin dabbobi. Ma'aikatan gandun daji kuma sun daɗe da sanin cewa in ƙunar ta zama dole, gara a yi ta da wuri, ciyawa da sauran danshi, da safe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, a kuma sanar da maƙwabta.

Dangane da biki kuwa, wasu biranen sun sami mafita. Birnin Solt Lek Siti na Amurka ya maye gurbin wasan wuta da ƙananan jirage marasa matuƙa masu fitilu a 2023. Mu ma muna da abin da ya fi ƙarfin nokawut: algaita da ganga, da dawakai, da kokawa da langa, da wasan kwaikwayo. In kuma zaman lafiya ya zauna sosai har hukuma ta ga dacewar dawo da wasan wuta, to a yi shi a wuri ɗaya, a fili irin na Ramat, a hannun ƙwararru, a sanar da jama'a lokaci, motar kashe gobara kuma tana tsaye.

Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa wuta na bukatar makamashi da iska da zafi, kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasarmu tana tanadar biyun farko da kanta. Na ukun ne kaɗai yake hannunmu. An ga yadda Kolorado da Kanbera suka haƙura da bikinsu saboda gobarar daji, da yadda wasan yaro ɗaya ya cinye daji guda a Oregon. An kuma ga cewa a Maiduguri dalilin tsaro da dalilin gobara sun haɗu a wuri ɗaya.

Saura aiki ga ɗalibai 'yan'uwa. Mafarauci da makiyayi da uwar da ke girki a sansani ba sa karanta ƙa'idojin da aka rubuta da Turanci a Abuja. Wanda zai mayar da su Hausa mai daɗin ji, ya tsara sanarwar rediyo ko ɗan wasan kwaikwayo, ya zauna da ƙannensa lokacin hutu ya yi musu bayani, shi ne wanda ya karanci harshe. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyashe mu da gobara, a gida da daji.